Idon da ke sama: abin da jirgin leƙen asiri ke gani, da abin da ke kuɓuce masa

A fadojin shayi na Damagaram, daga Birni har Garin Malam, in hira ta faɗo kan jiragen leƙen asiri, magana biyu ake ji. Wasu su ce jirgin nan babu abin da ke ɓuya gare shi, ko allura ce ta faɗi cikin rairayin Tenere zai tsinto ta. Wasu su ce duk cika baki ne, da yana da amfani da ba a kashe mana soja 71 a barikin Inates na jihar Tilaberi ranar 10 ga Disamba 2019 ba, da ba a sake kashe 89 a Cinagodar wata guda bayan nan ba, alhali jiragen Amurka da na Faransa suna jibge a filin jirgin Yamai. Daga nan sai wani ya haɗa maganganun biyu ya yanke hukunci: ai sun gani, shiru suka yi da gangan.

Hukuncin nan a kan magana ta farko ya ginu, wato cewa jirgin yana ganin komai. To, ba ya gani. Kuma wanda ya gane iyakar ganinsa shi zai iya yin tambayar da ta fi zafi, wadda ba a cika yi ba: ɗan abin da jirgin ya gani, hannun wa yake faɗawa, wa ke fassara shi, kuma wa ke tashi a kansa?

Dabarar hawa sama don leƙen abokin gaba ta girmi jirgin sama kansa. Sojojin Faransa sun ɗaga mutum cikin balan-balan a yaƙin Fleurus a 1794 don ya faɗa musu inda rundunar abokan gaba ta dosa. Karon farko da aka yi wannan aiki da jirgi mai inji kuwa, a maƙwabtanmu aka yi shi: a watan Oktoba 1911 wani hafsan Italiya, Carlo Piazza, ya tashi a kusa da Tarabulus ta Libiya ya leƙo sansanin sojojin Turkawa. Zamanin yaƙin cacar baka ne abin ya kai ƙololuwa. Amurka ta ƙera jirgin U-2 mai hawa sama da mita 20,000, kuma hotunan da irinsa ya ɗauko a Kuba ranar 14 ga Oktoba 1962 su ne suka tona makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet, har duniya ta kusa afkawa yaƙin nukiliya.

Aikin U-2 a wancan zamani shi ne ka je, ka ɗauki hoto, ka dawo a wanke. Ya dace da abin da ba ya motsi: bariki, filin jirgi, ma'ajiyar makamai. Amma wanda ake nema a Sahel ba shi da bariki. Yana kan babur, yau yana nan gobe yana can, kuma in ya ajiye bindiga ba ka raba shi da mai zuwa cin kasuwa. Irin wannan sai dai a zauna masa a bisa kai, a yi ta kallo, yini da kwana, wani lokaci makonni. Matuƙi ɗan adam ne, yana gajiya, yana jin yunwa. Tauraron ɗan adam mai ɗaukar hoto kuma ba ya tsayawa. Yana zagaya duniya cikin kamar minti 90, ya gifta ta kanka ya wuce, sai wani zagayen. Wannan giɓi ne jirgi maras matuƙi ya cike, wanda wasu gidajen rediyo ke kira kurman jirgi. MQ-9 Reaper na Amurka, mai fiffike mita 20, yana iya kaiwa awa 27 a sama in ba a ɗora masa makamai ba.

Akwai wasu manyan da ba mu cika gani a nan ba: masu faifan rada a gadon baya da ke tsaron sararin sama, da irin RC-135 da ke cike da masu sauraren sadarwa, da Global Hawk maras matuƙi mai shafe fiye da awa 30 a sama. Waɗannan na rigimar manyan ƙasashe ne. Mu koma kan waɗanda suka yi shawagi a samanmu.

Me ke cikin ƙwallon da ke ƙarƙashin hanci

Duk wanda ya ga hoton irin jirgin nan zai lura da wani ƙwallo da ke rataye a ƙarƙashin hancinsa. Jirgin da kansa abin hawa ne kawai, ƙwallon nan shi ne dalilin tashinsa. A ciki akwai kyamarar rana mai jawo nesa kusa, da kyamarar zafi mai aiki da dare, da hasken leza na auna nisa da nuna wa makami inda zai sauka.

Kyamarar zafi ba haske take nema ba, bambancin zafi take karantawa. Da dare, bayan ƙasa ta huce, jikin mutum da injin babur da bakin bindigar da aka harba da tokar da ba ta gama mutuwa ba duk suna fitowa fili. Shi ya sa duhu ya daina zama mafaka. Amma ba ta ganin abin da ke bayan katanga, ba ta ratsa rufin soro, kuma mutumin da ke ƙarƙashin itace mai duhuwa ko cikin kogon dutse ya ɓace mata. Akwai kuma wani lokaci, wajen fitowar rana da faɗuwarta, da zafin ƙasa da na abin da ke bisanta ke zuwa daidai, sai hoton ya dushe. A bazararmu, da rairayi da duwatsu ke ɗaukar zafin da ya wuce na jikin mutum, lissafin ma juyewa yake.

Sai rada. Ita ba ruwanta da gajimare ko ƙura ko duhu, domin igiyar rediyo take aikawa ta karɓi amsa. Tana iya zana hoton ƙasa, tana iya tsinto duk abin da ke motsi a fili mai faɗi. Sai dai abin da take nunawa ɗigo ne mai tafiya. Za ta ce maka mota huɗu sun doshi arewa. Ba za ta ce maka ko masu haƙar zinarin Jado ba ne, ko ƴan fasa-ƙwauri, ko masu kai amarya.

Na uku, wanda aka fi raina shi alhali shi ya fi kama mutane, shi ne kunne. Jirgin na ɗauke da na'urar da ke tsinkayar wayar salula, da wayar Thuraya da matafiyan hamada ke riƙewa, da rediyon hannu. Ko ba a ji abin da aka faɗa ba, ana iya gane daga inda kiran ya fito. Sau da yawa kunnen ne ke cewa ido ga inda za ka duba. Wanda ya kashe wayarsa ya aika yaro da saƙon baki, ya rufe wa jirgin babbar ƙofa, kuma ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai sun daɗe da koyon wannan.

Yanzu ga inda maganar allura a rairayi ke rushewa. Kyamarar tana da zaɓi biyu ne: ko ta buɗe ido ta ga fili mai faɗi, amma kowa ya zama ɗigo, ko ta matso har ta bambanta mai sanda da mai bindiga, amma a lokacin filin da take gani bai wuce na ƙwallo ɗaya ko biyu ba. Kamar mai tocila ne a tsakiyar daji da dare: abin da ya haska yana ganinsa sarai, abin da ke taku goma a gefe kuwa babu shi a wurinsa. Jihar Damagaram kaɗai ta haura murabba'in kilomita 150,000, Nijar gaba ɗaya kuma 1,267,000. Ko jirgi ashirin ne a sama lokaci guda, abin da suke kallo a kowane minti ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Amurkawa sun ƙera wani tsari mai tarin kyamarori da ke iya ɗaukar gari guda a lokaci ɗaya, amma gari guda ne, ba hamada ba.

Masu kare namun daji sun taɓa gwada wannan a yankinmu. A watan Maris 2016 aka tashi jirgi mai kyamarorin leƙen asiri da na zafi a kan Termit da Tin Tumma, ana neman wata farar dabbar hamada dangin barewa mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda Turawa ke kira adaks. Jirgin ya yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 bai ga ko ɗaya ba. Waɗanda suka bi ta ƙasa da mota, suna duba sawu, su suka ga uku. Dabba ce wadda ba ta san ana nemanta ba, balle mutumin da ya sani.

Sai a ƙara da yanayi. In hazo ya sauka a watan Janairu, har ba ka hango duwatsun Birni daga Zango, kyamarar rana ta zama makauniya, ta zafi ma ƙarfinta raguwa yake. Da damina kuwa, hadarin da ke tasowa daga gabas da guguwar da ke gabansa sun fi ƙarfin waɗannan jirage, domin jikinsu ba nauyi, fiffikensu kuma dogo ne siriri. Dole su kauce ko su sauka. Ƙura tana cin inji, zafi yana rage nauyin da jirgi ke iya tashi da shi. Maharan da suka san ƙasar sun san ranakun da sama ke rufewa.

Jirgin da ba kowa a ciki, amma mutane ɗari ke bayansa

Kiran da ake masa maras matuƙi yana ruɗin mutane. Matuƙi na nan, yana zaune cikin wani ɗaki mai kamar kwantena, kusa da shi ga mai riƙe da kyamara. A tsarin Amurka, waɗanda ke filin jirgin su ke tayar da shi su saukar, amma da ya hau sai a miƙa ragamarsa ta tauraron ɗan adam ga wasu da ke iya zama a can Amurka. Hoton kuma wasu daban ke zama su yi nazarinsa, su haɗa shi da abin da kunne ya jiyo da abin da mutanen ƙasa suka kawo. In ana son ido ɗaya ya tsaya a wuri ɗaya dare da rana ba yankewa, sai an tanadi jirage uku ko huɗu, ɗaya a sama, ɗaya a hanya, ɗaya wurin makanikai, da ma'aikata fiye da ɗari.

Bayan an gani an fassara, saura tashi. A ce jirgi ya hango babura talatin sun doshi wani ƙauye. Sai labarin ya bi ta hannun wanda ya mallaki jirgin, ya isa ga hafsoshin ƙasa, su kuma su sami rundunar da ke kusa, mai mota da mai da harsashi, ta bi hanyar da wataƙila an dasa mata nakiya. Babura talatin ba sa jiran wannan. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara a yaƙin Sahel: an zuba kuɗi a ido, an bar ƙafa da rauni.

Yadda samanmu ya cika da baƙi

Abin ya faro ne a hankali. Bayan sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a watan Satumba 2010, Faransa ta kawo Yamai jiragen Atlantique 2, waɗanda asalinsu na farautar jiragen ƙarƙashin teku ne, suka koma neman motoci a hamada. Da yaƙin Mali ya ɓarke, Barack Obama ya sanar a Fabrairu 2013 cewa ya aiko soja kusan 100 Yamai don tayar da jirage marasa matuƙi. Faransa ta kawo nata Reaper a farkon 2014. Duk waɗannan da farko ido ne zalla, ba makami.

Harin Tongo Tongo na 4 ga Oktoba 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da namu, shi ya sauya lissafi. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta amince a ɗora wa jiragen Amurka makamai. Faransa ta ɗora wa nata a Disamba 2019. A shekarar ce kuma sansani na 201 da ke Agadas ya fara aiki, bayan Amurka ta kashe kusan dala miliyan 110 wajen gina shi. Tun kafin nan, a 2018, jaridar New York Times ta ba da labarin cewa hukumar CIA na tayar da nata jiragen daga Dirku. Zaɓen Agadas da Dirku ba don Difa ko Tilaberi kaɗai aka yi shi ba. Duba taswira: daga can kudancin Libiya yana kusa, haka mashigar Salbado da iyakar Aljeriya. Mai jirgi inda damuwarsa take yake aika shi, kuma damuwar Washinton ba lallai ta zama ta mutumin Bosso da ke jihar Difa ba.

Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin ƙorafin ƴan fada, ko da sun kuskure wajen bayaninta. Hoton mallakar mai jirgi ne. Shi ke zaɓen abin da zai ba ka, da lokacin da zai ba ka, kuma dokokin ƙasarsa na iya hana shi nuna maka wani abin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Amurka ta dakatar da yawancin haɗin gwiwar soja, jiragen da suka ci gaba da tashi kuma tsaron sojojinta ne babban aikinsu. Faransawa suka gama fita a Disamba 2023. Ranar 16 ga Maris 2024 Kanal Amadou Abdramane ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine, ɗan Damagaram, ya yi ƙorafi a wata hira da jaridar Washington Post cewa Amurkawa na zaune a ƙasar ba sa yin komai alhali ana kashe mutane. Suka bar sansanin Yamai a Yuli, na Agadas kuma ranar 5 ga Agusta 2024. Titin saukar jirgin da gine-ginen suna nan. Jiragen da na'urorin da hanyar tauraron ɗan adam sun tafi da masu su.

Namu na kanmu

Nijar ba ta taɓa zama ba ido ɗungurungum ba. Sojojin samanmu na da ƙananan jirage masu matuƙi irin Diamond DA42 da Cessna 208 Caravan da aka ɗora wa kyamara, kuma kada a raina su: suna sauka a ƙaramin fili, gyaransu da sauƙi, wanda ke ciki kuma ɗan ƙasa ne da ya san bambancin rugar Fulani da zangon Buzaye. Sai a zamanin Mohamed Bazoum aka yi cinikin jirage marasa matuƙi na Bayraktar TB2 da Turkiyya a ƙarshen 2021, suka fara isowa a 2022. Mali da Burkina Faso da Najeriya duk sun sayi irinsa.

Dalilin farin jininsa a fili yake. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na Reaper, Turkiyya ba ta gindaya dogayen sharuɗɗa irin na Amurka, yana iya yini da kwana a sama, yana kuma ɗaukar ƙananan bama-bamai huɗu masu bin hasken leza. Mafi muhimmanci, hoton a hannun hafsanmu yake sauka.

Amma shi ma da iyakarsa. TB2 na asali ba ta tauraron ɗan adam ake sarrafa shi ba, ta eriya ce daga ƙasa, don haka ba ya wuce kilomita 150 zuwa 300 daga ɗakin da ake tuƙa shi. A ƙasar da tsakanin Damagaram da Agadas kaɗai ya haura kilomita 400, wannan na nufin sai an kafa tashoshi da yawa, kowace da masu gadinta da janareta da mai. Tafiyarsa kuma ta yau da kullum kamar kilomita 130 ce a awa, gudun da mota mai lafiya ke yi a kan kwalta. In abu ya faru kilomita 260 daga inda yake, awa biyu ce kafin ya iso.

Sannan sayen jirgi ba ya yanke igiyar dogaro, sauya mata mazauni yake. Turkiyya da kanta ta ɗanɗana. Ƙwallon kyamarar TB2 na farko daga wani kamfanin Kanada ake sayo shi, da yaƙin Nagorno-Karabak ya tashi a 2020 sai Kanada ta dakatar da sayarwa, dole Turkawa suka koma ga na kamfaninsu Aselsan. Su suna da masana'antar da za su koma gare ta. Mu kayan gyara, da bam, da sabunta manhaja, da horar da matuƙa, duk daga waje ne, kuma da kuɗin waje ake biya. Ƙasashen ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, sun sa hannu da wani kamfanin sararin samaniya na Rasha a Satumba 2024 kan taurarin sadarwa da na ɗaukar hoto. Wannan ma wata igiyar ce, sai dai a duba tsawonta da kaurinta.

Inda ido ke yaudarar mai shi

Wannan ɓangaren shi ya fi shafar talaka. Mai nazarin hoto ba fuska yake gani ba, ɗabi'a yake karantawa: mutane nawa, maza ne zalla ko da mata, da wane lokaci suka taru, da me suka zo, ina suka nufa. Daga nan yake cewa waɗannan sun yi kama da mahara. To matsalar ita ce rayuwarmu ta yau da kullum tana kama da abin da aka koya masa ya ji tsoro. Maza zalla a gindin itace, mata na wani gefen: ɗaurin aure ke nan ko zaman makoki. Babura ashirin a jere da dare ba fitila, ɗauke da jarkoki, a kan iyakar Magarya ko Matamaye: masu ruwa-ruwa ne ke shigo da mai. Mutum da dogon abu a kafaɗa yana bin garke: makiyayi ne da sandarsa. Taron dare da ya kai asuba: Maulidi.

Ba zato ba ne, ya faru. Ranar 3 ga Janairu 2021 jiragen yaƙin Faransa suka jefa bam kan wani taro a Bunti ta ƙasar Mali, bayan Reaper ya bi mutanen da kallo. Faransa ta ce ƴan ta'adda ne, har yau ba ta janye ba; binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, kuma 19 daga cikin 22 da suka mutu fararen hula ne. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasan Najeriya ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumomi suka ƙirga gawa 85, rundunar kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Mu ma ta taɓa mu: a Fabrairu 2022 bam ya faɗa a ƙauyen Nacade da ke yankin Madarunfa, hukumomin jihar Maraɗi suka ce yara bakwai sun mutu, kuma jirgin Najeriya ne da ke bin ƴan bindiga.

A lura da wani abu. A Bunti baƙo ne ke kallo, ana iya cewa bai san al'ada ba. A Tudun Biri ƴan ƙasa ne. Ke nan zama ɗan ƙasa kaɗai bai isa ba. Abin da ke kare mutane shi ne ƙa'idar da ke tsakanin gani da harbi: a jira, a tabbatar ta wata hanyar, a tambayi mai gari ko jandarman da ke yankin ko akwai taro yau, a kuma san cewa in an yi kuskure akwai wanda zai amsa tambaya. Haɗa ido da makami a jirgi ɗaya ya gajarta wannan tazara ƙwarai. Da, mai gani daban, mai harbi daban, kafin jirgin yaƙi ya iso an sami lokacin sake tunani. Yanzu wanda ya shafe awa goma yana kallon allo, ido ya gaji, shugabansa na tsaye a kansa, maɓallin na ƙarƙashin yatsarsa. Kowane bam da ya sauka kan bikin aure kuma, ƙauyen da da zai kawo wa soja labari ya rufe baki ke nan, alhali labarin nan shi ne ke gaya wa kyamara inda za ta duba.

Akwai kuma rigimar iyaka. Yarjejeniyar Cikago ta 1944 ta ce kowace ƙasa ita ke da iko da samanta, jirgin soja ba ya shiga sai da izini. Sobiyet ta kakkaɓo U-2 na Francis Gary Powers ranar 1 ga Mayu 1960, taron ƙolin Paris ya watse a kan haka. Iran ta harbo Global Hawk na Amurka a Yuni 2019. Kusa da mu, a daren 1 ga Afrilu 2025 Aljeriya ta harbo jirgin Akinci maras matuƙi na Mali a wajen Tinzawatan, ta ce ya shigo mata, Mali ta ce ƙarya ne, ƙasashen AES uku suka janye jakadunsu daga Aljiyas. Mu da ke da iyakar kusan kilomita 1,500 da Najeriya, wadda ɗan bindiga ke tsallakawa cikin minti biyar, jirginmu dole ya tsaya inda taswira ta ce. Sai dai a ɗaga waya a gaya wa na can, in akwai mai ɗauka. Ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi a Maris 2025 ba ta sauƙaƙa wannan kiran ba.

Ga Damagaram, batun ya daina zama labarin Tilaberi da Difa tun da aka shimfiɗa bututu. Matatar SORAZ da ke hanyar Tanut tana shan ɗanyen mai daga Agadem tun 2011, babban bututun da ya nufi Seme ta ƙasar Benin kuma, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta jiharmu ya ratsa. A Yuni 2024 aka fasa shi a yankin Tesker, ƙungiyar ƴan tawaye ta FPL ta ce ita ce. A nan kam jirgin leƙen asiri yana da fa'ida ta gaske, domin bututu ba ya gudu, layi ne guda da aka san inda yake, kuma a hamadar da ba kowa sawun mota sabo abin tambaya ne. Rada na iya kwatanta hoton jiya da na yau ta nuna inda ƙasa ta sauya. Amma jirgin da ke bin layin nan yana wucewa ta kowane wuri sau ɗaya ne cikin awoyi, dasa nakiya kuwa aikin mintoci ne.

Su ma ɗaya ɓangaren sun sami nasu idon. Ƙananan jiragen ɗaukar hoto masu farfela huɗu, irin waɗanda ake haya a bukukuwa, suna hannun ƙungiyoyin da ke iƙirarin jihadi, ISWAP a tafkin Cadi da JNIM a yamma. Da su suke leƙa bariki kafin su kai hari, sun kuma fara rataya musu gurneti. Irin wannan jirgi ba shi da tsada, yana shiga jakar goyo, radar da aka ƙera don hango manyan jirage kuma da ƙyar take tsinkayarsa. Sojan da ke gadin tashar bututu a Tesker yanzu yana buƙatar na'urar toshe sadarwar irin wannan ƙaramin jirgi, da nasa ƙaramin da zai tayar ya duba bayan tudun da ke gabansa, tun kafin a yi maganar babban da zai taso daga wani filin jirgi mai nisan awa biyu.